Tulun Mama Joan Bai Dawo Daga Chadi Ba

Duk wanda ya taɓa sayen doya a Kasuwar Jalingo ya san Rebeka, ko bai san sunanta ba ya san muryarta. Gajeriyar mace ce kakkaura, 'yar Mumuye, wadda in tana ciniki da kai sai ka ɗauka faɗa take yi, alhali gyara za ta ƙara maka. Mijinta ya rasu tun 'yarta ta fari, Hope, tana firamare, kuma da doyar nan ta raini yara uku a ɗaki biyu a unguwar Turaki. Abin taƙamarta ba shi da yawa, amma akwai guda ɗaya da kowa ya gaji da ji: ita ba ta taɓa aron abu ta kasa mayarwa ba. Ko allura ka ara mata, za ta dawo maka da ita har da zare a jiki.

Ran Lahadi kuwa ita ce mai buga tulu a zumuntar mata ta majami'arsu. Tulun ba nata ba ne. Na Mama Joan ne, wata tsohuwa a garin Kona da ke kusa da Jalingo, wadda ta gina shi da hannunta tun tana amarya, ta huda masa baki na biyu a gefe, ta gasa shi a bayan gidansu. In aka doka tafin hannu a wannan bakin, sautin har cikin ƙirji ake jin sa. Ta buga shi shekara da shekaru, har ciwo ya lanƙwashe mata yatsu, idanu kuma suka tafi. Ita ta koya wa Rebeka, kuma ran da ta miƙa mata shi sharaɗi ɗaya ta kafa.

"Ki buga shi duk inda kin ga dama," in ji ta. "Amma ran da za a kai ni, shi za ki buga a gabana. Ni ba na son fiyano."

Da Fasto Nehemiya ya haɗa mutum goma sha biyu don tafiya aikin bishara a wani ƙauye kusa da Mundu, a kudancin Chadi, aka rubuta Rebeka a matsayin mai dafa abinci. Ita da ko Yola sau biyu ta taɓa zuwa! Ta je Kona neman izinin tafiya da tulun, tsohuwar ta yarda, amma ta ce a cinya zai zauna, ba a saman mota ba. Haka aka yi. Kwana biyu a hanya Rebeka na rungume da shi kamar jariri, kowane rami direba ya faɗa sai ya sha magana.

Sati biyar suka yi. Maza suka yi wa 'yar majami'ar ƙauyen rufi, nas ɗinsu tana duba marasa lafiya, Rebeka tana bakin murhu. Aka haɗa ta da wata doguwar mata siririya mai suna Remaji don ta taya ta girki. Ba yaren da ya haɗa su. Rebeka ta ɗauka in ta ƙara murya Hausa za ta shiga, sai ta dinga yi wa baiwar Allah ihu a kan gishiri da itace, ita kuwa sai murmushi. Daga baya mai yi musu fassara ya gaya mata cewa Remaji ta binne 'ya'ya biyu a damina ɗaya, kuma tun daga lokacin tana zuwa sujada, amma a baya take zama, ba ta buɗe baki ko a waƙa. Ranar Rebeka ta daina ihu.

Matan ƙauyen jarkar ruwa suke bugawa in suna waƙa. Wata rana da la'asar Rebeka ta dawo daga rijiya ta tarar da Remaji durƙushe gaban tulun, tana shafa bakinsa da yatsa. Sai ta kama hannunta ta doka shi a inda ya kamata. Kullum bayan an sauke tukunya sai su zauna, wannan ta buga, waccan ta maimaita. A Lahadi ta huɗu Remaji ce ta buga tulun a gaban jama'a, kuma ana tsakiyar waƙa sai aka ji wata siririyar murya ta shigo. Matan suka juyo suna kallonta, wasu suka fashe da kuka.

Ran tafiya, garin gaba ɗaya ya fito rakiya. Motar tana tafiya a hankali, mutane suna binta a ƙafa har bakin babban titi. Remaji ta ɗauki tulun a hammata tana bugawa ana waƙa, Rebeka kuwa ta ƙyale ta, don ai baƙo ba ya ɗaukar kayansa in ana masa rakiya. A bakin titi aka yi addu'a, aka rungumi juna, aka cusa musu gyaɗa da riɗi, wani dattijo ya danƙa wa Fasto zakara da rai. Direba ya danna ham. Remaji ta miƙo tulun da hannu biyu, ba ta yi gardama ba, ba ta roƙa ba. Rebeka ta kai hannu, ta taɓa shi, sai ta ji ta tura shi baya zuwa ƙirjin matar. Ta zaro gammon da ake ɗora shi a kai ta ƙara mata, ta shige mota da sauri. Sai da suka wuce Garwa a ƙasar Kamaru, ta dubi cinyarta babu komai, sannan ta tuna sharaɗin Mama Joan.

A harabar majami'a a Jalingo aka tarye su da guɗa. Mutum goma sha biyun da suka ci daga tukunya ɗaya sati biyar suka tsaya cirko-cirko, kowa ya kasa fara tafiya, har masu keke Napep da ke jiran su suka soma ƙorafi. Nas ta rungume Rebeka ta ce za ta yi kewar faɗanta. Fasto ya ja ta gefe.

"Maman Hope, in kina so mu je Kona tare, in yi wa Mama bayani."

"A'a, Fasto. Ni na ara, ni zan je."

Ta faɗa da ƙarfi, amma kwana uku ba ta je ba. Tana zaune gaban doyarta shiru, har maƙwabciyarta Bara'atu mai kayan miya ta ce, "Maman Hope, ko a Chadi kika baro muryar taki?" Da ta ji labarin sai ta ba ta shawarar ta sayi wani tulun a huda shi, tunda tsohuwar ba ta gani. Rebeka har ta je layin masu tukwane ta ƙwanƙwasa biyu, sannan kunya ta kama ta. Macen da ta gina abu da hannunta, bugu ɗaya ya ishe ta ganewa. Kuma ko ba za ta gane ba, ƙarya ce.

Rana ta huɗu ta zaɓi doyar da ta fi kowace girma ta hau keke zuwa Kona. Ta tarar da Mama Joan a kan tabarma gindin mangwaro. Ta durƙusa ta gaishe ta.

"'Yata, sannu da hanya. Na ji kin ajiye abu, amma ba karar tulu ba ne."

"Doya ne, Mama."

"Ya fashe?"

"Bai fashe ba. Na ba da shi."

Ta faɗi komai, tun daga bakin murhu har bakin titi, ba ta rage ba, ba ta yi wa kanta ado ba. Fuskar tsohuwar ta nuna abin ya yi mata ciwo, kuma ba ta ɓoye ba.

"Ni kin yi wa alkawari, Rebeka."

"E, Mama. Na yi, na karya. Ki yafe min." Hawaye suka ɓalle mata, irin na wanda bai saba ba.

Don ta rasa abin yi da hannunta sai ta ciro waya. Hope ta koya mata ɗaukar murya kafin tafiya, kuma ta ɗauki waƙar Lahadin nan ta huɗu. Ta kunna, ta kara wa tsohuwar a kunne. Sautin tulun ya fito ƙarami, amma shi ne. Mama Joan ta karkata kai.

"Tana sauri," in ji ta. Can kuma ta ce, "Wane ne mai waƙa da siririn murya?"

"Ita ce, Mama."

"Wanda kin ce ba ta buɗe baki?"

"Ita."

Tsohuwar ta saurara har waƙar ta ƙare. Ta goge ido da gefen zane.

"Gammo fa? Kar ta ajiye min shi a ƙasa haka kawai."

"Na bar mata."

"To, da sauran hankalinki." Ta laluba ta kamo hannun Rebeka ta riƙe. "Kina da lambar mutanen?"

"Fasto yana da na mai fassara."

"Ran da na tafi, kafin ki fara wannan kuka naki mai ta da unguwa, ki kira su. Ki ce ta buga min shi a can, ta rage sauri. Ke kuma ki tsaya a gabana ki tafa hannu." Ta saki hannun. "Sake sa min."

Rebeka ta sake kunnawa. Lanƙwasassun yatsun Mama Joan suka sauka a kan gwiwarta suna bin kiɗan, a hankali, yadda ya kamata a buga shi.