Ying Caifeng, Mai Karanta Tafin Ƙafa

Ƙarfe bakwai saura kwata Yaya Caifeng take shigowa masana'anta, gorar shayi a hammata, gurasar nama a hannu, tana ci tana tafiya. Kafin a tayar da injin farko ta riga ta shimfiɗa tabarmar roba a gaban teburinta, ta barbaɗa mata garin alli. Duk wanda ya gifta, direba ne ko mai kawo kwali, sai ya ji ta ce, "Kai, cire takalmi ka taka nan." Ta durƙusa ta auna sawun, ta rubuta a littafinta. Shekara goma sha ɗaya ke nan tana haka a nan birnin Yongkang, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Abin da muke ƙerawa shi ne keken lantarkin nan mai taya biyu da ake hawa a tsaye, ba kujera, ba abin riƙewa. Ƙafa ce sitiyarinsa, ƙafa ce birkinsa: ka danna yatsu ya yi gaba, ka danna dunduniya ya dawo baya. Masu saye kuwa, batir da fitilu suke yabo. Matakin da ake ɗora ƙafa, da ɗan maɓallin da ke ƙarƙashinsa mai jin nauyin mutum, babu mai tunawa da su sai ranar da aka sha ƙasa. Wannan matakin shi ne aikin Ying Caifeng.

Tana da doka ɗaya da muka daɗe muna yi wa dariya. Ba ta yarda a gwada sabon mataki da wanda ya iya hawa. Mu kuwa duk mun iya, har akwai masu zuwa ɗakin cin abinci a kai da kwanon taliya a hannu. "Ku kun lalace, kun iya," haka take ce mana. Sai ta fita farautar wanda bai taɓa hawa ba: mai dafa mana abinci, ƙanwar mijinta, matar da ke sayar da awara a bakin ƙofa. Ta riƙe musu hannu, amma idonta na kan ƙafarsu. Da mutum ya fara gwanancewa sai ta sallame shi, ta ce ya gama amfani.

Shekara goma da suka wuce na zo masana'antar, ni Lou Zhenhai, da takardar injiniya sabuwa fil da kai mai girman tulu. Na zana mataki mai santsi da sheƙi, na matsar da maɓallin gaba wajen yatsu don keken ya riƙa amsawa da wuri. Ma'aikata ashirin suka gwada, babu wanda ko tangaɗi ya yi. Ta shafa shi da tafin hannu ta ce, "Ƙaramin Lou, wanda bai iya ba yatsu yake fara kafawa, tsoro ke sa shi. Wannan zai tsere masa."

Na ce, "Yaya, a wace jami'a aka koya miki wannan?"

Aka yi dariya, ni ma na yi. Har yau in na tuna sai na ji kunya ta rufe ni.

Ta ajiye matakin ta wuce ofis. Ta roƙi mai masana'antar, Maigida Cheng, ya ba ta kwana ɗaya kafin a fara ƙera matakin da yawa. Washegari da safe ta kira Baba Fang mai gadi, don shi kaɗai ya rage a masana'antar bai taɓa hawa ba. Ya zo yana tsokanarta: "Caifeng, in na mutu ke za ki riƙe mini karena, kuma ba ya cin shinkafar jiya." An yi ruwa ranar, takalminsa a jiƙe. Yana ɗora ƙafa ɗaya, yatsunsa suka danna, keken ya fizge. Hannunsa ya suɓuce daga nata, ya faɗi a kan hannun dama, wuyan hannun ya karye gida biyu.

Maigida Cheng ya sauko yana ihu. "Wa ya ce ki ɗora tsoho a kai? Mutum ashirin sun hau lafiya, sai naki iyayin!" Aka rubuta mata takardar laifi, aka liƙa a allon sanarwa. Ina tsaye taku uku daga wurin. Na ga ƙafar Baba Fang da idona, na san abin da ya kayar da shi, na kama bakina. Ita ma ba ta ko kalle ni ba. Sati shida tana kai wa Baba Fang romon ƙashi, tana kuma ciyar da karen.

A cikin waɗannan makonnin ta ɗauki wuƙa da guntayen roba ta dinga sassaƙa. Sai a mataki na goma sha tara ta gamsu: ɗan kwari inda tudun ƙafa ke zama, zane-zane a gicciye don jiƙaƙƙen takalmi, baki mai ɗan tudu da zai gaya wa ƙafa ta kai ƙarshe, maɓallin kuma a tsakiya, yadda keken ba zai motsa ba sai ƙafa ta zauna gaba ɗaya. Mai awara ta hau ta sauka tana dariya. Ni abin da na yi kawai shi ne kwafe shi a kwamfuta. Da aka zo yi wa matakin rajistar mallaka, Maigida ya ce, "Sa sunanka, kai ne mai takarda." Na sa. Tun daga ranar ake kiransa matakin Lou, da shi na zama shugaban sashe.

Yaya Caifeng, ke ce kika durƙusa gaban ƙafafun mutane sama da dubu, masu wari da marasa wari, ba ki taɓa yamutsa fuska ba. Ke ce kika gane cewa wanda ya kamata a yi wa aiki shi ne matsoraci, ba gwani ba. Akwai mutane birjik a ƙasashen da ba ki san sunansu ba, sun hau sun sauka da ƙasusuwansu lafiya, ba su san akwai ki ba. Laifin wannan rashin sanin nawa ne.

Makon jiya na ɗauki kwandon lemo na hau benensu. Mijinta ya buɗe, ya ga fuskata, ya ce zai je sayen sigari. Na zauna na fara kame-kame, ta katse ni.

"Shekara goma ka yi kana hawa bene uku?"

Na ce, "Yaya, matakin nan naki ne. Faɗuwar Baba Fang kuma ni ne sila."

Ta ɓare lemo ta miƙo mini rabi. "Na sani. Fang ya sani. Mai awara ma ta sani. Kai kaɗai ka ɗauka asiri ne."

"To me ya hana ki faɗa?"

"Jira nake ka faɗa da bakinka. Ban zaci za ka daɗe haka ba." Sannan ta ƙara da cewa, "Sunan bai dame ni sosai ba. Takardar laifin nan ce, har yanzu tana cikin fayil ɗina. Da ita zan tafi gida, a matsayin wadda ta karya tsoho."

Na je wa Maigida Cheng da maganar. Ya ce tsohon zance ne, wa zai buɗe fayil ɗin mai ritaya? Wataƙila babu. Amma ita ta san abin da ke ciki, shi ya sa na rubuta wannan inda kowa zai gani.

Na gode, Yaya, da aikin da kika yi, da haƙurin da ban cancanta ba. Ku kuma masu ƙera abin da mutane za su ɗora ransu a kai, ku nemo wanda bai iya ba ku kalli ƙafarsa, kamar yadda take yi. In kuma akwai wani a wurin aikinku da ke ɗauke da laifin da kun san ba nasa ba ne, ku buɗe baki tun yana da sauran shekarun da zai more gaskiyar. Ni na makara, amma ga ta: Ying Caifeng ce ta yi matakin. Ni ne na karya Baba Fang.