Jirgin Baba da Kyamarar Malam

Bana shekara ashirin da ɗaya ke nan da Allah Ya karɓi ran maigidana, Malam Habibu. Sunan nan ban taɓa furta shi ba yana raye, yau ma alƙalami ne ya faɗa, ba bakina ba. Malam nake ce masa. Mutanen Panshekara sun san shi da abu biyu: ma'aikacin masaƙa ne a Sharada, a sashen da ake buga wa atamfa zane, sannan mai kyamara ne. Ba shago gare shi ba. Wata tsohuwar kyamara ce ya saya a hannun abokin aikinsa da zai koma garinsu, yana rataya ta ranar hutu. Yakan ɗauki taron suna, da ma'aikatan da ke son aika hoto gida, Gumel ko Damagaram, don iyaye su ga ɗansu ya yi ƙiba a Kano.

Mahaifina kuwa ma'aikacin reluwe ne. Ba direba ba ne, shi ne mai zuba wa injin gawayi da shebur, a jirgin kaya da ke tashi daga Kano ya nufi Zariya. Tun ina ƙarama na san shi da jan ido da wani baƙi a tafin hannu wanda sabulu bai taɓa cin galabarsa ba. Layin dogon ta bayan unguwarmu ya bi, saboda haka ko bayan aurena, in na ji usur ɗin jirgi nakan dakata da abin da nake yi, in yi masa addu'ar sauka lafiya.

Tsakanin Baba da Malam akwai girmamawa, akwai kuma kunyar surukai. Malam zai durƙusa nesa ya gaishe shi, idonsa a ƙasa, ya tashi. Baba bai taɓa aibata shi ba, sai dai in an ambaci kyamarar nan yakan ce, "Yaron kirki ne, in ban da shiriritar hoto."

A ƙarshen shekarun saba'in labari ya bazu cewa za a ajiye injinan gawayi, masu dizal su maye gurbinsu, kuma mai dizal ba ya buƙatar mai shebur. Aka sanar da Baba cewa in kaka ta wuce zai huta. Bai yi ƙorafi ba, amma mahaifiyata, Inna, ta ce mini tuwonsa ya fara dawowa daga zaure da saura. Da na ba Malam labari sai ya ce, "Mutum ya ƙarar da ƙuruciyarsa a cikin abu, a ce ba shi da ko hotonsa a ciki? Zan ɗauke shi. Kuma ba a tasha ba. Jirgin da ke tsaye ai ƙarfe ne kawai."

Faɗa da baki ya fi aiki sauƙi. Malam ba zai iya tambayar surukinsa yaushe za su wuce ba, don haka ni nake zuwa wurin Inna in ji ranar tafiya, ba tare da Baba ya sani ba. Jirgin kaya kuma ba ya cika alkawari. Malam zai roƙi wani ya canza masa aikin safe da na yamma, ya hau kekensa ya tafi gonakin dawa da ke kusa da gadar Challawa, ya zauna har rana ta take, wani lokacin ya dawo bai ga ko hayaƙi ba. Ranar da ya dace, sai ya kai fim ɗin Sabon Gari a wanke, mu yi ta jira. Hoton farko ya fito kamar an shafa toka da tsumma: dawa ta fito tsaf, jirgin kuwa wata inuwa ce doguwa. A na biyu iska ta kwantar da hayaƙi ta gefensa, ba abin da ake gani sai ƙafafun ƙarfe.

Yawan canjin aikin nan ya sa mai kula da sashensu ya ja masa kunne, ya ce in ya sake, akwai masu jiran gurbinsa a bakin ƙofa. A lokacin ina goyon 'yarmu ta fari, hankalina ya tashi. Na ce, "Malam, ko a haƙura? Kada garin neman gira a rasa ido." Ya ce saura tafiya ɗaya Baba ya ajiye aiki, kuma ta faɗo ranar hutunsa, ba sai ya roƙi kowa ba. Sannan ya gaya mini abin da ya gano. A masaƙa, in yadi yana gudu a kan inji kana son ganin inda zane ya ɓaci, ba ka kafa ido wuri ɗaya, bin yadin kake yi da kai, sai ka ga furen kamar ya tsaya. "Ni na tsaya cik, jirgi yana gudu, shi ya sa. Wannan karon da shi zan tafi."

Ranar, Inna ta ce sai ta je. Shekara da shekaru tana wanke kayan aikin Baba, tana ɗaure masa guzuri, amma ba ta taɓa ganinsa a bakin aiki ba. Muka tsaya ni da ita ƙarƙashin wata tsamiya can nesa, Malam ya gangara bakin dogo. Da hantsi muka hango hayaƙi ta wajen Sharada. Ƙasa ta soma rawa a ƙarƙashin ƙafarmu. Na ga Malam ya matsa, ya ƙara matsawa, har ya wuce inda mai hankali ke tsayawa, ya ɗaga kyamara, ya fara juya jikinsa a hankali yana bin kan jirgin. A daidai nan wani mutum ya leƙo ta gefen injin, rabin jikinsa a waje, hannu a sama, yana daka wa na bakin dogon tsawa. Ƙara ba ta bari mun ji me ya ce ba. Inna ta rufe baki da mayafi ta ce, "Shi ne." Ta bi jirgin da kallo har taragon ƙarshe ya haye gada.

Da Baba ya dawo daga Zariya, bai huta ba ya aika a kira Malam. Ina daga bayan ƙofar zaure ina ji. Ya ce, "Na ga abin da jirgi ke yi wa mutum, kai ba ka gani ba. So kake ka bar mini 'ya da marainiya saboda hoto?" Malam yana durƙushe ya ce, "Na yi kuskure, Baba. Allah Ya huci zuciyarku." Bai kare kansa ba, don ya san abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gano shi ba. Bai kuma sake kusantar dogo haka ba har ya koma ga Allah.

Da hoton ya fito, kunya ta hana shi kaiwa, ni ya ba. Wannan karon dawar ce ta zama zane-zane, kan jirgin kuwa ya fito tas, har ana iya ganin ƙusoshinsa, hayaƙi ya miƙe baya. Ga Baba a tsakiya, baki buɗe, hula ta karkace. Ya karɓa ya matsa bakin ƙofa inda haske yake, ya daɗe yana kallo. Daga nan ya ce, "Ashe haka nake." Ya kira Inna ta kawo masa tuwo, ya ce in gaya wa mijina faɗan yana nan bai janye ba, amma ya gode. Aka sa hoton a gilashi aka rataye a zaure. Duk baƙon da ya tambayi wa yake wa tsawa, sai ya yi dariya ya ce, "Surukina."

Yanzu masaƙar ta daɗe da rufewa, ba a jin jiniyar tashi daga aiki, dogon ma sai a daɗe ba a ji motsi a kansa ba. Kowane yaro da kyamara a aljihu, ya ɗauki hoto barkatai ya goge. Nakan tambayi kaina me Malam zai ce. Ba na jin zai yi tsaki kamar sauran tsofaffi. Mutum ne mai son sabon abu, da ya karɓi wayar ya juya ta ya koyi sirrinta. Abin da zai ba shi mamaki, ina tsammani, shi ne yadda ake ɗaukar mutum ba a tsaya an dube shi ba. Shi kam kafin ya danna, sai ya san wanda ke gabansa da abin da ke damunsa.

Bai bar dukiya ba, kyamarar ma ta daina aiki tun yana raye. Abin da ya bari shi ne ladabin da ya yi wa iyayena, da 'ya'yan da suka tashi suna lura da halin mutane kafin a roƙe su. A watan jiya jikarmu da ke jami'a, wadda ba ta riske shi ba, ta ce in nuna mata inda aka ɗauki hoton. Muka hau adaidaita muka je. Gonakin sun zama gidaje, amma na gane wurin. Ta tsaya a nan ta dubi dogo, ta dubi tazarar da ke tsakani, ta ce, "Hajiya, ai kakan babarmu gaskiya gare shi, ya matsa da yawa." Na ce mata ƙwarai kuwa, ya matsa. Ta ɗan ja baya taku biyu, muka ɗaga hannu muka yi musu addu'a su ukun. Allah Ya jiƙan Malam, Ya jiƙan Baba da Inna, Ya kyautata namu zuwan.