Tsohuwar da ta zo wa ƙanena ban gajiya

Ƙanena lauya ne. Shi ne autanmu, ni ce babba, kuma tun da iyayenmu suka rasu, sauran dangi suka watse, mu biyu muka rage masu neman juna. Yana zaune a Yamai, inda lauyoyi suka tare kamar a can kaɗai ake rigima. Ni kuwa aikin ungozoma ne ya kawo ni Tawa. A nan maigidana ya rasu, a nan na ajiye aiki, 'ya'ya suka bi aure da neman abinci. Gida mai ɗaki uku, daga ni sai wata kyanwa da ba ta san alheri ba.

Duk lokacin da shari'a ta kawo shi Tawa, gidana yake sauka. Da ya bugo waya ya ce yana tafe, sai ka ga na miƙe kamar ba ni ce mai ciwon gwiwa ba. In share masa ɗaki, in sa a daka fura, in tara labarai a ciki, na wanda ya mutu da wadda ta haihu da abin da ke damuna, ina jiran mai saurare.

To amma kafin ɗan kabu-kabu ya sauke masa jaka, unguwa ta ji. Metir suke ce masa, kamar yadda ake kiran lauyoyi a nan. Mutum zai yi sallama, ya yi gaisuwa rabi da rabi, hannunsa na cikin aljihu yana lalubo takarda. Wannan iyakar gona a Kalfu, wancan rabon gado, wata an kama mata ɗa. Ko jana'iza ya je, kafin a shafa fatiha wani ya ja shi gefe. Shi kuma bai iya cewa a'a ba. Fura ta yi tsami a ƙwarya, ni ina madafa ina cika ina batsewa. In sun watse ya riga ya zama laƙwas, in kuma na tambaye shi abin da ya sa ya yi zuru, sai ya ce, “Sirrin mutane na, Yaya.” Shi ke nan hirar tamu.

Wata shekara, bayan an yi girbi, aka ɗora masa kare wani saurayi daga wani ƙauye a ƙasar Takanamat. Faɗa ne ya ɓarke a bakin rijiya wajen shayar da dabbobi, saurayin ya ɗaga sanda, wanda ya buga bai tashi ba. Yaron ba shi da ko sisin ɗaukar lauya, kuma laifi irin wannan ba a yanke shi sai da mai kare mutum, shi ne aka ba ƙanena. Abin da ban sani ba, mamacin yana da dangi a layinmu.

Maƙwabciyata, wadda muke katanga ɗaya da ita, muke musayar kwano kullum, ta tare ni a bakin famfo.

“Hajiya, ƙanenki ya san wanda anka kashe ɗan ƙanwata na? Don kuɗɗi za ya tsaya ma mai kisa?”

Na ce mata ba kuɗi ba ne, aiki ne aka ɗora masa. Ta ɗauki bokitinta ta juya. Daga ranar kwanonta bai ƙara tsallako katanga ba. Masu takardu ma suka ɗauke ƙafa, don kada a gan su a ƙofata. A karo na farko na samu ƙanena ni kaɗai a gida, sai dai ba haka na so ba. Yana ɗaki kan tarin takardu, ni ina tsakar gida ina tsince shinkafar da ba ta da tsakuwa.

Ranar da aka yanke hukunci ban je ba. Ya dawo bayan la'asar, labarin zuciya a tambayi fuska. An ɗaure yaron shekaru masu yawa. Na ajiye masa tuwo, ya huce a rufe. Washegari ma ko shayi bai taɓa ba. Yana zaune bakin gado, ya zuba wa bango ido, sai ya ce:

“Yaya, na gama. In na koma Yamai za ni aje aikin ga. Akwai kamfanin da ke son in riƙa duba musu takardu. Ofis da sanyi, ba mai kuka gabana.”

“To Tawa fa?”

“Mi za ya kawo ni?”

Bai san abin da ya faɗa ba, kuma ban gaya masa ba. Na fita na tsaya a madafa. Na san gaskiya ce: shari'a ke kawo shi, ba furata ba. Na ji tsoron zama a gidan nan babu wanda zan share wa ɗaki. Na kuma ji tsoron halin da yake ciki, don ni na goya shi, ban taɓa ganin ya kwana ya tashi bai ci abinci ba.

Da hantsi aka yi sallama. Na leƙa na ga wata tsohuwa siririya, ƙafafunta fari fat da ƙurar hanya, da ƙullin tsumma a hannu.

“Nan na gidan Metir? Ni ta uwar yaron da anka ɗamre jiya.”

Na cika ƙofar da jikina. A raina na ce yau sai dai ta bi ta kaina, mutum na neman faɗuwa ba za a zo a ƙarasa mini shi da baki ba.

“Ba ya jin daɗi, Inna. In magana ta, ki hwaɗa mini.”

“Ba hwaɗa niz zaka ba, ɗiyata. Ban gajiya niz zaka.”

Na shimfiɗa mata tabarma a inuwar darbejiya, na kawo ruwa, na kira shi. Ya fito yana jan ƙafa kamar wanda za a yi wa bulala, ya durƙusa ya gaishe ta, idonsa a ƙasa. Ya fara ba ta haƙuri, ta ɗaga masa hannu.

“Ni ban jin Faransanci, ɗana, amma ina da ido. Ɗaki cike da mutane, kowa zamne, kowa na hararar yarona. Kai ɗai kat tashi tsaye. Na ga zuhwa na bin wuyanka, ba ka zamna ba. Tun da ubanai ya rasu ba wanda yat tsaya mai hakanan. Abin da ya yi, ya yi, Allah shi jiƙan wanda ya mutu, shi ma ɗan wata na. Amma mu can, in mutum ya yi maka gayya a gona, kana zuwa ka gaishe shi da gajiya, ko gero ya yi ko bai yi ba.”

Ta kwance tsumman, cuku ne 'yan faifai, na nonon awakinta. Ta tura gabansa, sannan ta dube shi ta ce, “To, ina gajiya?”

Kowa ya san amsar wannan gaisuwa. Ko kana mutuwa, babu gajiya za ka ce. Amma ƙanena sai ya ce, “Akwai gajiya, Inna. Wallahi akwai ta.”

Sai hawaye. Namiji mai furfura a gemu, durƙushe gaban tsohuwar da bai iya ceton ɗanta ba, ita ce ke cewa ya yi haƙuri. Na tashi na ba su wuri. Daga madafa ina jin muryarsa sama-sama, ya daɗe yana magana, ita ba ta cewa komai sai “na'am, ɗana.” Ba zan ɓoye ba, na ji kishi. Ni da nake tanadin kunne shekara da shekaru, baƙuwa ce ta samu. Da na leƙo na tarar yana ɓalla cukun yana ci, kishin ya bi ruwa. Na ɗora shayi.

Tsohuwar ta ƙi kwana, ta ce awaki ba su da mai ba su ruwa. Ya raka ta har tasha ya sa ta a motar Takanamat. Washegari shi ma ya hau tasa motar, bai ce mini zai dawo ba, bai ce ba zai dawo ba. Gidan ya koma yadda yake. Maƙwabciyata na nan a kan gabarta, kyanwa na nan a kan halinta. Duk wayar da ta yi ƙara sai na yi tuntuɓe wajen ɗauka.

Sai da sanyi ya wuce, zafi ya kankama, sannan ya bugo.

“Yaya, ki share min ɗaki. Ina da shari'a Tawa.”

Tun daga wannan zuwan na kafa doka. Ranar da ya sauka, babu mai ganinsa sai ya ci ya yi barci ya tashi don kansa. Nakan ɗauki kujerata in dasa a bakin ƙofa da carbi a hannu. Masu takardu sun dawo, don rigima ba ta ƙarewa, ni kuma in ce musu sai gobe. An ce na cika iko, an ce tsufa ya sa ni mugunta, wasu sun daina gaishe ni a hanya. Su ƙarata.

Hirar da nake so har yau ban same ta yadda nake so ba. Gobe za su cika gidan, jibi ya shiga kotu, gata ya tafi. Amma a wannan yini ɗaya, ina zaune ni kaɗai a ƙofa, rana na dukan ƙafafuna, ina jin minsharinsa daga cikin ɗaki. In wani ya matso da takarda, sai in ɗora yatsa a baki in ce, “Yi a hankali. Ƙanena ya gaji.”