Shirun Mai Aski

Rediyo ake ce masa a layinsu, kuma bai taɓa jin haushin sunan ba. Mai aski ne. Shagonsa kujera ɗaya, benci ɗaya, sai madubin da ya tsage ta kusurwa. In ka zauna a kujerar nan, kafin ya gama maka gefe guda ka ji wadda ta haihu, da wanda aka kora daga aiki, da dalilin da ya sa ƙungiyar ƙwallonka ba za ta taɓa cin kofi ba. Mugunta dai ba shi da ita. Bakin ne kawai ba birki.

Bakin nan ne ya raba shi da ƙanensa, direban babbar mota. Ranar da aka binne mahaifiyarsu, a gaban surukai da 'yan coci, Rediyo ya ce wasu sai da gawa ta yi sanyi suka tuna hanyar gida. Ƙanen ya miƙe. Ya ajiye farantin abincinsa ya fita, shekaru suka yi ta wucewa ba waya ba saƙo. Abin yana cin Rediyo a rai, don su biyu kaɗai uwarsu ta bari, amma ya rasa ta inda zai fara.

A cocinsu na Katolika babu aikin sa kai da bai gwada ba. Mawaƙa sun sallame shi cikin ladabi. Masu nuna wa mutane wurin zama sun ce yana tare ƙofa da surutu. Da Fada ya nemi waɗanda za su riƙa kai wa marasa lafiya Jikin Almasihu, wato gurasar nan mai tsarki, har gida bayan sujadar Mas ta Lahadi, Rediyo ya ɗaga hannu, matan zumunta suka yi ta ƙunshe dariya. Fada dai ya karɓe shi. Bayan an koya masa aikin, ya ba shi 'yar battar ɗaukar gurasar, wadda ake ratayawa a wuya cikin riga, ya ce, "Daga nan sai gidan mara lafiya. Ban da tsayawa hira a hanya, ka ji ko?"

Ai kuwa ya ji, har ya zarce. Muddin battar tana ƙirjinsa, ko tari ba ya yi da ƙarfi. Zai dafe ta da hannun dama, kai a sunkuye, ya wuce mai shago, ya wuce masu gyaran taya. Da farko tsokanarsa suke yi: "Rediyo, batir ya mutu ne?" Daga baya suka saba, har suna matsa masa hanya. Shi kuwa duk rayuwarsa bai taɓa yin abin da yake alfahari da shi kamar wannan shirun ba.

Wata Lahadi yana kan hanyar gidan wata tsohuwa da ciwon ƙafa ya kwantar, sai ga babbar mota tsaye daura da shagonsa. Wani ya diro daga ciki. Ya yi furfura, ya ajiye tumbi, amma tafiyar tana nan yadda take. Ƙanensa ne.

"Yaya," in ji ƙanen, ya miƙo hannu.

Rediyo ya ja ya tsaya. Hannun da zai miƙa yana kan battar. Ya dube shi, ya nuna ƙirjinsa da haɓa, ya sunkuyar da kai ya wuce, yana cewa a ransa yanzun nan zai dawo. Ƙanen kuwa rabonsa da harkar coci tun suna samari. Ina zai san abin da ke cikin riga?

Tsohuwar ba ta san gaggawa ba. Sai da aka tayar da ita zaune, aka nemo kallabinta, aka kunna kyandir, aka yi addu'a, sannan ta karɓa. Rediyo ya fito da gudu, babba da shi. Motar ta tafi. Mai gyaran taya ya ce mutumin ya ɗan jima tsaye yana kallon bayansa, sannan ya hau ya ja.

Da yamma ya sami Fada ya kwashe komai ya faɗa masa. Fada ya riƙe baki. "Haba! Hira na hana, ban hana gaisuwa ba. Ɗan'uwanka fa!"

Wurin wata gwaggonsu ya samo lambar ƙanen. Ya kira, aka ɗauka. Rediyo ya yi ta bayani, battar da abin da ke cikinta, tsohuwar, dokar da ya ƙara wa kansa ba wanda ya sa shi. Yana jin ƙugin inji ta cikin wayar. Ƙanen bai katse shi ba har ya kai ƙarshe.

"Ashe ka iya shiru, Yaya," in ji shi. "Da ma ranar Mama ka rataya battar."

Ya kashe wayar. Rediyo ya sake kira, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba.