Hawa'u, Wadda Ta Cire Ido Daga Ɗakin Mai Takaba

Kullum da safe, in ruwan Duwala ya ɗan tsagaita, za ku ga Hawa'u ta fito daga lungunsu na New Bell, ta tattare zani saboda taɓo, jaka a hammata, ta tare mai bensikin, wato ɗan acaɓa, ta ɗare bayan mashin. Gidajen mata take bi tana gyara kwamfutocin da suka rikice. Ta daɗe a wannan aiki, har ido ya fara gajiya, likita ya ce ta rage kallon gilashi. Shi ya sa na ce bari in yabe ta tun tana ji da kunnenta. Na sha kai mata ƙosai ko za ta tsegunta min abin da take gani a kwamfutocin mutane. Ƙosai ta cinye, magana ko ɗaya.

Wannan labarin ma mai shi ce ta ba ni, ta ce in faɗa.

Mairama, matar marigayi Alhaji Hamadu, tana cikin takaba a lokacin. Ba fita, ba ado, ba baƙon namijin da zai ga fuskarta. A ɗakinta akwai kwamfutar Alhaji, a ciki akwai muryarsa da ya naɗa yana biya wa yara karatu, yana yi musu dariya in sun yi tuntuɓe. Ita ke ɗebe mata kewa.

Wani hantsi ta fito daga wanka da ɗaurin ƙirji, sai ta ga ɗan hasken gefen kyamarar kwamfutar ya kunna kansa. Ba wanda ya taɓa. Washegari ya sake. Ta danna manhajar tsaron da Alhaji ya saka, ta yi bincike, sai ga jajayen layuka sun cika fuskar kwamfutar, ba iyaka. Baiwar Allah ta ɗauka kowane layi namiji guda ne da ke leƙenta. Ta lulluɓe kwamfutar da zani, ta koma kwana da hijabi, abinci ya ƙi shiga.

Zailani ƙanin Alhaji, mai albasa a kasuwar Sandaga, ya tsaya bayan labule ya ce, "Yaya, a ba ni ita a goge komai, a huta. In ta ƙi, in jefa ta kwata."

"Da muryar yayanka a ciki?" in ji Mairama.

"To ki zauna ana kallonki?"

Sai ta fashe da kuka. Nan aka aika wa Hawa'u.

Ta zo, ta yi ta'aziyya a natse kamar ba abin da ya kawo ta. Sannan ta miƙa hannu ta zare wayar intanet.

"Ko wane ne, yanzu ya makance. Cire hijabin ki sha iska, Hajiya."

Ta yaye zanin, ta sake bincike, jajayen layukan suka dawo. Mairama ta kau da kai.

"A'a, duba nan. Waɗannan ba mutane ba ne, sawun 'yan talla ne, suna bin ki kamar ƙuda da mai mangwaro. Gefen kowanne an rubuta girman haɗarinsa. Kin ga? Faible, faible, ƙarami ke nan."

Ta yi ta sauka da yatsa, sai ta tsaya cak. Layi guda, haɗarinsa babba, ya saka sunan manhajar kallon hotuna ya ɓuya. Ta duba ranar da ya shiga.

"Wa ya taɓa kwamfutar nan lokacin zaman makoki?"

Ashe dangi ne, kowa ya zo da filashinsa ya soka don ya kwashi hotunan Alhaji na tunawa. A cikin ɗaya ɓarawon ya shigo.

"Mai filashin ma bai sani ba, kada ki zargi kowa," in ji Hawa'u.

Mairama ta kama hannunta. "Sun gan ni?"

"Ba zan yi miki ƙarya ba. An buɗe kyamarar. Ko wani ya kalla, ban sani ba. Amma daga yau an gama."

Zailani ya ɗaga murya daga waje: "Malama, danna ki share duka!"

"Doucement, a hankali, Alhajin albasa! Abin ya maƙale a jakar da muryar yayanka take. In na yi shara da garaje, har da ita."

Ta killace mugun shi kaɗai, ta share sawun 'yan tallan, ta kashe kwamfutar ta sake kunnawa. Fuskar ta tsaya baƙa wuluk. Mairama ta ce a ranta an gama, Alhaji ya sake mutuwa. Salati take, Hawa'u ko ƙiftawa ba ta yi. Can haske ya dawo. Aka sake bincike, ba ja ko ɗaya. Ta sa Mairama ta sauya kalmomin sirrinta duka, ta manna ɗan salatif a idon kyamarar, sannan ta ce, "Danna da kanki."

Muryar Alhaji ta cika ɗakin, yana cewa yaro ya sake ayar. Bayan labule kuwa, babban mutum mai gemu sai jan hanci yake, wai albasa ce ta bi shi gida.

Hawa'u, ke ce mai shiga inda maza ba sa shiga. Ke ce ba ki taɓa tsorata mace don a ce kin iya ba, ba ki kuma rarrashe ta da ƙarya ba. Mun gode, 'yar albarka. Allah ya ƙara wa idon nan haske, ya rufa miki asiri yadda kika rufa na mutane.

Ku kuma 'yan matan unguwa masu latsa waya tun safe, ku je ku durƙusa gabanta ku koya tun tana iya nuna muku. Gobe wata za ta ga haske ya kunna kansa a ɗakinta, kuma ba kowa za ta iya ɗaga wa labule ba.