Rashin da Aka Yi a Gazara

Da na bar aikin rediyo na dawo gida Makarfi, sai na buɗe shafi a intanet, irin wanda ake kira bulog. Niyyata in riƙa rubuta labarin sana'o'in ƙasarmu da Hausa mai tsabta: noman rake, shanyar tumatir a Ikara, dankalin Kudan, masu gyaran injin ban ruwa. Duk mako nakan hau babur in je in yi hira da mutum ɗaya, in dawo in yi kwana biyu ina rubutu, ina karanta kowace jimla da baki in ji nauyinta, kamar yadda aka koya mana kafin a shiga ɗakin watsa shiri. A rediyo ban taɓa sanin yawan masu saurarona ba, saboda haka na ɗauka suna da yawa. Shi kuwa bulog yana da ƙidaya a gefe. Rubutun da na fi ji da shi mutum goma sha ɗaya suka buɗe, kuma na san uku daga ciki ni ne.

Ƙanin matata ma'aikaci ne a Ikara, idan an tashi ofis kuma yana kula wa wasu 'yan kasuwa da shafukansu a dandalin sada zumunta. Akwai wasa tsakaninmu, ba ya tauna mini magana. Wata rana ya zo gaida yayarsa, ya karɓi wayata ya dudduba.

"Yaya, wannan ai ba shafi ba ne, kango ne. Ko mai sallama babu."

"Rubutun ne bai yi ba?"

"Wa ya kai ga rubutun? Dubi kan labarinka: yadda ake shanyar tumatir a Ikara. Mai shanyar ya sani, wanda ba ya yi bai damu ba. Kai har yanzu kana zaton mutane na zaune gindin akwatin rediyo suna jiran ka yi gyaran murya."

Shi ya koya mini aikin. In riƙa ɗora kan labarin a zaurukan sada zumunta na 'yan garuruwanmu, da mahaɗin da za a latsa a shiga bulog ɗin. In saka bayan sallar asuba, lokacin da kowa ke duba waya kafin ya fita. Hoton fuska za a sa, ba hoton gona ba. Kan labari kuma kada ya faɗi labarin, ya buɗe baki kawai ya bar mutum da tambaya. Na bi, masu shiga suka ƙaru zuwa ɗari da wani abu. Ba zan ɓoye ba, abin ya yi mini daɗi. Na koma ina duba ƙidayar kafin in sha koko.

A cikin wannan hali na je wurin wani dattijo a Gazara, mai yin mazarƙwaila. A iya sanina shi kaɗai ya rage a yankin yana matsar rake da doki. Injin nasa na ƙarfe ne, an kafa shi a fili bayan gida, da dogon itace a ɗaure a samansa. Doki na jan itacen yana kewayawa, ana cusa rake tsakanin ƙarafan, ruwan na zuba a garwa. Daga nan sai babban kasko, a dafa da busasshiyar tuƙar raken har ya yi kauri, a zuba a ƙananan kwanoni ya daskare. Sauran masu sana'ar duk sun koma injin mai.

Dattijon ba ya yarda a ɗauke shi hoto, an faɗa mini tun kafin in je. Amma da na yi sallama, sai ya ɗaga kai ya ce in sake. Na sake. Ya ce, "Kai ne na labaran yamma." Ya sa aka shimfiɗa mini tabarma. Ya ce shekara da shekaru yana jin muryar nan a bakin kasko, kuma bai taɓa kama ta da ƙarya ba, don haka in tambayi abin da nake so. Muka shirya zama biyu. Na farko kan yadda ake aikin, muka yi shi a ranar. Na biyu kan yadda mahaifinsu ya samo injin ya kawo shi garin, wanda ya ce labari ne mai tsawo, sai an gama matsar bana. Wannan na biyun shi nake so. Ban taɓa jin wani ya ba da shi ba, kuma ban ga inda aka rubuta ba.

Mako biyu bayan haka dokin ya kwanta ciwo ya mutu. Dattijon ya aiko mini cewa ba zai sayi wani ba, ya ajiye sana'ar. Na je na yi masa jaje, ya kuma yarda na ɗauke shi hoto yana tsaye kusa da injin, hannunsa a kan itacen. Na rubuta labarin da kyau. Na sa masa kai: an daina matsar rake da doki a Gazara.

Ƙanin matata ya gani kafin in saka, ya yi dariya.

"Yaya, ka samu nama ka dafa shi ba gishiri. Rubuta: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un, an yi babban rashi a Gazara. Ka ɗora hoton."

"Ai za a ce mutumin ne."

"Wa ya ce mutumin ne? Dokin bai mutu ba? Sana'ar ba ta mutu ba? Tayar babur ma in ta fashe ana cewa innalillahi. Nuna mini kalmar ƙarya ɗaya a ciki, malamin Hausa."

Na duba kalma bayan kalma, ban samu ta ƙarya ba. Ba zan ɗora masa laifin ba, ni na rubuta da yatsana. Kuma na san abin da shi bai tsaya ya auna ba. A gidan rediyo ba a karanta sanarwar rasuwa sai ɗan'uwan mamaci ya zo da kansa, an ga fuskarsa, saboda mun san abin da mutanenmu ke yi da irin wannan labari. Ba sa tsayawa bincike. Gawa ba ta jira, wanda ya tsaya tambaya sai ya tarar an dawo daga maƙabarta. Wanda ya ji, hakki ne a kansa ya sanar da na gaba, sannan ya ɗauki hula. Na kuma san yawancin masu bin shafina ba sa latsa mahaɗi, don yana cin data. Kan labari da hoto su ne labarin a wurinsu. Duk wannan na sani. Na ce a raina za su latsa, tunda abin ya shafi rai.

Na saka bayan asuba, ranar kasuwar Makarfi. Kafin hantsi ƙidayar ta wuce duk abin da na taɓa gani. Na yi kusan awa guda ina murna, sannan na shiga karanta abin da ake rubutawa a ƙasa. Allah ya jiƙansa. Allah ya sa ya huta. Allah ya ba iyalai haƙuri. Wata ta ce tun tana yarinya take shan mazarƙwailarsa. Na rubuta da sauri cewa Baba yana nan da ransa, dokinsa ne ya mutu, a shiga a karanta. Addu'o'i suka binne maganata cikin minti kaɗan. Wani ma ya amsa mini da amin.

Na goge rubutun, amma an riga an ɗauki hotonsa an watsa a zaurukan dangi da na 'yan unguwa, babu mahaɗin, babu sunan shafina. Wani aminina ya turo mini shi daga Zariya yana yi mini ta'aziyya, don ya san na san mutumin. A ƙasan hoton an ƙara layi ɗaya da ba nawa ba: za a yi jana'iza bayan azahar. Na kira wayar dattijon, a kashe. Daga baya na ji tana wurin masu caji tun jiya.

Na hau babur zuwa Gazara. Tun daga bakin hanya na ga babura a jere da wata ƙaramar bas. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, don baƙi sun riga sun taru kuma dole a zaunar da su. Dattijon na zaune a tsakiya, yana amsa gaisuwar mutanen da suka zo binne shi. 'Yarsa da ke aure a Kano ta iso da goyo, an ce tun daga tasha take kuka, da ta gan shi kuma ta zube ta ƙara wani. Wasu 'yan kasuwa sun bar kayansu a Makarfi a hannun maƙwabta.

Zuwa lokacin tsoro ya wuce, an koma raha. Wani tsoho, abokinsa tun ƙuruciya, yana ta tsokanarsa.

"Kai dai ba ka da kirki. Na riga na yafe maka duk abin da ka yi mini, a gaban shaidu, a cikin mota. Yanzu kuma ga ka zaune."

"To karɓi yafiyarka, ban taɓa ta ba."

"Yaya ka baro mutanen can?"

"Suna tambayarka. Sun ce ka daɗe."

Aka yi dariya. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa mini gaisuwa cikakkiya, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya, ya tambayi hanya, bai rage ko ɗaya ba. Na fara bayani, ya ɗaga hannu. Ya ce yau yana da baƙi, in dawo jibi.

Da yamma na rubuta gyara, na ba da haƙuri, na sa masa kai mai faɗin abin da ke ciki. Mutum kaɗan suka karanta. Ƙanin matata ya kira ni. Ya ce ya ji abin da ya faru kuma bai ji daɗi ba, amma in duba yawan mabiyan da na samu a yini ɗaya. "Ka koma ka ɗauko shi a bidiyo yana magana, ka sa: ashe bai mutu ba! Wallahi Yaya sai ya ninka na farko." Na ce masa na ji. Ta fuskar aikinsa gaskiya ya faɗa.

Jibin na koma. Na same shi shi kaɗai a bayan gida, a inuwar rumfar da ake dafa ruwan rake, kaskon a kife. Bayan gaisuwa na ba shi haƙuri, na faɗi yadda abin ya faru ban ɓoye komai ba, har da cewa na san za a iya fahimtarsa haka.

Ya ce, "Malam, addu'ar da aka yi mini ba ta ɓaci ba, tana can tana jirana. Wahalar da mutane suka sha kuma, ladansu na wurin Allah. Ba wannan ba ne."

Sannan ya ce yana da ƙani a Kudan, uwa ɗaya uba ɗaya. Tare suka tashi a bakin injin nan. Sun saɓa bayan rasuwar mahaifinsu, ƙanin ya tashi ya koma can, kuma an yi shekaru ba sa shiga harkar juna. Bai faɗa mini abin da ya raba su ba.

"Shekaranjiya ina zaune ina duban hanya. Duk babur ɗin da ya tsaya sai in ɗaga kai. Har aka yi la'asar. Na ce ko bai ji ba. Jiya na aika a bincika mini. Ya ji. Ɗansa ya nuna masa hoton a waya tun da safe, kafin a san ba gaskiya ba ne. Ya duba, ya ce Allah ya jiƙan Musulmi, ya saɓi fartanya ya tafi gona."

Ya gyara zama ya ci gaba.

"Ni a zatona, duk abin da ke tsakaninmu, ranar da na mutu zai zo ya tsaya a sahu. Da wannan zaton nake zaune. Da mutuwar gaske ce, da na tafi da shi ban san komai ba. Yanzu ga ni da rai, kuma na sani."

Na sake roƙonsa gafara. Ya ce ya yafe, duniya da lahira, kuma na yarda har zuciyarsa ya faɗa. Wayata na hannuna tun da na zauna, ban ma lura ba. Ya dube ta ya ce, "Mayar da ita aljihu." Na mayar. Na tambaye shi, da muryar da ban so ta fito haka ba, ko zaman namu na biyu yana nan. Ya ce ai magana ta ƙare, tsufa ya sa ya manta yawancin labarin. Alhali shi ne mutumin da mako uku kafin nan ya lissafa mini dawakan da suka ja injin ɗaya bayan ɗaya, da launin kowanne.

Ya rako ni har inda na ajiye babur, ya ce in gaida gida. Na koma sau biyu bayan haka. Kullum akwai tabarma, akwai ruwa, akwai gaisuwa mai tsawo, daga nan sai maganar damina da tsadar taki har in gaji in tashi.

Mabiyan da na samu a ranar ba su tafi ba. Suna nan, su ne mafi yawan masu bin shafina har yau, kuma in na rubuta labarin dankali ko na tumatir ba sa latsawa. Yadda injin ya zo Gazara kuwa ban ji ba. Na tambayi dattawan garin, kowa ya ce shi yana yaro ya tarar da shi a kafe. Sun ce bayan mai shi, mutum ɗaya ne ya rage da ya san labarin, yana Kudan. Ban je ba.