Lami ta riƙe jita, Yaya ya koma bayan rumbu

Na shiga gidan Yaya Iliya a Ketare, na tarar da matarsa Lami rungume da jitar lantarki, shi kuma yana can bayan rumbu ya karkata kai kamar mai sauraren hadari.

Yaya dai ya kamu da son kiɗan Turawan nan masu gashi har kafaɗa da matsattsen wando, masu jita mai gurnani. Ranar Asabar zai yi kiɗa a bikin ƙanwarmu, kuma shugaban makaɗa ya ce idan jitarsa ta sake ƙugi kamar ƙudan zuma, a benci zai ci biki.

Sai Lami ta kaɗa, ya saurara daga nesa, ya dawo ya murɗa maɓallan amfilifaya, na'urar ƙara sautin jitar. Ya rage ƙaraji, ya rage kauri, ya ƙara sautin tsakiya. Janareto ma da gangan ya bar shi a kunne, tunda ranar biki ba shiru zai yi ba.

Na ce, "Yaya, wannan sintirin fa?"

Ya ce, "Makaɗi ba ya jin abin da jama'a ke ji. Shi ya sa na koya mata."

Da ya sake komawa, sautin ya fito tas, da kaushinsa, amma kowane bugu a rarrabe. Ni da na zo yin dariya, sai ga ƙafata tana bin kiɗa.

Ya dawo ya miƙa hannu. Lami ko ɗagowa ba ta yi ba. "Dakata mana, ban gama ba. Je ka duba mani tukunya."

Ya kuwa tafi.

Jama'a, tsakani da Allah, ranar Asabar wa ya kamata a ba jitar nan?